Me ya haɗa laburare da kyamara da makirfo? Tambayoyi da amsoshi

Ni malamin sakandare ne, kuma tunda aka miƙa min mukullin laburaren makarantarmu nake shan tambayoyi, wasu daga iyaye, wasu daga 'yan uwana malamai, wasu ma daga ɗaliban da kansu. Yawanci abun da ke jawo tambayar shine mutum ya leƙo ta taga ya ga yara huɗu sun kewaye waya ɗaya suna naɗar murya ga littattafai a baje a gabansu, sai kaji yace toh Malam wannan kuma karatu ne ko wasa. Shine na tattara tambayoyin da yanda nake amsa su. Wasu amsar gajeruwa ce, wasu kuma sai anyi haƙuri dani, don maganar tana ci min rai sosai.

Wai me ake nufi da yaro ya sa hannu a karatunsa, kuma mene ne na kafofi daban-daban?

Abun ba wani mai wuya bane. Yanda muka saba, malami ya rubuta a allo, yaro ya kwafa, ya haddace, ranar jarrabawa ya mayar wa malami kayansa, shikenan an rabu. A ɗaya tsarin kuma yaro zai karanta, amma bazai tsaya nan ba, zai fita ya tambayi wanda ya sani, ya ɗauki hoto, ya naɗi murya, ya dawo ya gwada abun da yaji da abun da ke cikin littafi, daga nan ya haɗa wani abu nasa na kansa wanda wasu zasu gani ko su saurara, har su gyara masa.

Kafofi daban-daban kuwa shine magana ɗaya ta bi ta hanyoyi da yawa, rubutu, murya, hoto, bidiyo, zane, wasan kwaikwayo, kowacce hanya ta ƙara wani abu da 'yar uwarta bata iya kawowa ba. Wani malamin jami'a a Amurka mai suna Henry Jenkins shi ya fi yin suna da wannan magana, a 2006 lokacin yana jami'ar MIT shi da abokan aikinsa suka fitar da wani dogon rahoto akanta, kuma abu ɗaya da ya faɗa wanda har yau nake riƙe dashi shine giɓin da ke tsakanin yara ba na samun kwamfuta bane kaɗai, akwai giɓin wanda ya iya yin abu da ita da wanda kallo kawai ya iya. Mu nan duk gidan da ka shiga akwai waya, amma yara nawa ne suka taɓa haɗa wani abu mai amfani da ita?

Akwai inda aka taɓa gwada wannan da gaske, ko dai maganar takarda ce?

Akwai, kuma misalin da na fi so shine na birnin Shikago a Amurka. A shekarar 2009 babban laburaren birnin, wanda ake kira Harold Washington, ya ware wani fili a ƙasan bene mai faɗin murabba'in ƙafa 5,500 yace wannan na 'yan sakandare ne kaɗai, aka sa masa suna YOUmedia. Gidauniyar MacArthur ce ta bada kuɗin, ita ɗin dai da ke da ofis a Abuja wadda ta taɓa tallafa wa ABU Zariya da Jami'ar Bayero. Aka zuba littattafai dubbai, aka kawo laftof da kyamarori da kayan zane, aka gina ɗan ƙaramin situdiyo na naɗar murya, duk yaron da ke da katin laburare zai iya arar kayan yayi aiki dasu a wurin kyauta. An yarda suyi hira, an yarda su ci abinci, an yarda suyi wasan bidiyo.

Ba haka kawai suka tashi suka yi ba. Kafin nan wata malama Mizuko Ito ta jagoranci bincike na shekara uku, suka yi hira da matasa sama da 800, don su gane yanda yara ke koyon abu a intanet idan ba malami a kansu. Suka ga abun hawa uku ne. Na farko ni ina kiransa zaman majalisa, yaro yazo don abokansa na nan, ba wani abu yazo koya ba. Na biyu taɓe-taɓe, ya ɗauki kyamara ya danna nan ya danna can ya ga me zai faru. Na uku kuma shine ya zama mayen abun, kamar yanda muke cewa wane mayen ƙwallo ne, ya nutse ciki har ya fara neman wanda ya fishi iyawa. Sai suka tsara ɗakin kashi uku daidai da haka, yanda wanda ke zaune yana hira idonsa na kan wanda ke can ƙurya yana haɗa wani abu.

Daga baya hukumar da ke kula da laburare da gidajen tarihi ta gwamnatin Amurka tare da gidauniyar suka bada kuɗi aka buɗe irinsa a wurare 24 a faɗin ƙasar. A Finland ma da suka buɗe sabon babban laburaren Helsinki mai suna Oodi a watan Disamba na 2018, hawa ɗaya guda suka ware wa situdiyo da kekunan ɗinki da injinan ƙere-ƙere, littattafan suna hawan sama.

To me yaran Shikagon suka yi da wurin? Ba waƙa kawai suka koya ba?

Gaskiya waƙa ce ta fi fito da sunan wurin, don mawaƙin nan Chance the Rapper da yaci kyautar Grammy uku a 2017 nan yake zuwa bayan an tashi daga makaranta, kuma a situdiyon wurin ya naɗi wasu daga cikin ayyukansa na farko. Na san da yawa daga cikin iyayenmu da sun ji haka zasu ce a'a Malam mu ba mawaƙi muke son haifa ba, kuma na fahimce su. Amma ba shi kenan ba. Akwai yaran da suka riƙa fitar da mujallarsu ta adabi, akwai masu shirin murya irin na rediyo suna sharhin wasannin bidiyo, akwai masu zane da ɗaukar hoto. Birnin yana da wata al'ada tun 2001, a zaɓi littafi ɗaya ace kowa ya karanta, to yaran sai su karanta littafin su mayar da martani da abun da suka iya, wani ya rubuta waƙe, wani ya zana, wani ya haɗa gajeren fim. Kaga dole sai ka karanta littafin da kyau kafin ka iya juya shi zuwa wani abu.

Abun da ya fi taɓa ni a labarin wurin mutum ne, wani marubucin waƙoƙi Mike Hawkins da yaran ke kira Brother Mike, shi ke jagorantar taron da suke yi duk mako inda kowane yaro zai hau ya karanta abun da ya rubuta a gaban 'yan uwansa. Ya rasu a ƙarshen 2014, kuma har yau waɗanda suka taso a hannunsa idan suna bada labarin wurin ba kyamara suke fara ambata ba, shi suke ambata. Masu bincike daga Jami'ar Shikago da suka bibiyi wurin suma sun ga haka, yaro baya tashi daga zaman majalisa ya koma mayen abu don kawai an ajiye kaya a gabansa, sai da babba wanda ya san sunansa, ya lura da abun da yake so, yace zo ka gwada wannan.

Wannan ba al'adar Turawa bace za'a ɗora mana?

Wallahi duk tambayoyin nan ba wadda nake jin daɗin amsawa kamar wannan. Mu fa mun riga su.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, tana rubuta waƙoƙin ilimi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta koyar da jajis, wato matan da ke jagorantar karatun mata, a naɗa musu malfa da jan rawani, su ɗauki karatun a ka su shiga ƙauyuka su rera wa mata 'yan taru, matan su haddace su koyar da wasu. Daga takarda zuwa murya, daga murya zuwa zuciya, kuma wadda ta koya ita ce zata koyar. Ɗalibin zaure kuma da can idan yana son littafi ara yake ya kwafe shi da hannunsa, yana yi yana rubuta fassarar kalmomi masu wuya da ajami a gefe, wanda zai gaji littafin ya amfana. Wannan ai sa hannu ne.

Ko a zamaninmu duba littattafan hikayoyinmu na Hausa. Littafi ya fito a kasuwa, mata su karɓo haya a shagon unguwa, a karanta shi a rediyo, a mayar dashi fim, yanzu kuma marubuciya na sakin shafi-shafi a WhatsApp masu karatu na mata sharhi tun kafin ta gama har su sa ta canza ƙarshen labari, wani kuma ya karanta shi da murya ya ɗora a YouTube don wadda hannunta ke cikin wanke-wanke. Duk wannan ya faru ba tare da laburare ko makaranta sun sa baki ba. Abun da nake cewa kawai shine ƙarfin nan da yaranmu suke dashi a waje, me zai hana mu shigo dashi cikin darasin tarihi da kimiyya.

Me yasa sai laburare? Aji bai isa ba?

Aji yana da minti arba'in, yana da manhaja da dole a gama, yana da maki, kuma a makarantun gwamnati da yawa yara sun fi ƙarfin malami ɗaya. Yaro a aji tsoron kuskure yake. A laburare ba mai bashi sifili, ɗan aji ɗaya zai zauna kusa da ɗan aji shida, mai son kimiyya kusa da mai son adabi, kuma abu mafi muhimmanci, asalin maganar na nan kusa a kan kanta, idan gardama ta tashi sai a miƙa hannu a ɗauko.

Sannan laburare shine wuri ɗaya da ɗan mai kuɗi da ɗan talaka suke da haƙƙi iri ɗaya akan kaya. Ɗan mai hali yana da laftof a gida da yayan da zai nuna masa. Ɗan mai faskare idan bai taɓa a laburare ba sai ranar JAMB zai fara riƙe linzamin kwamfuta, kuma mun sha ganin haka, yaro mai ƙoƙari hannunsa na rawa a gaban allon kwamfuta ba don bai san amsa ba.

Ka bamu misali na aiki ɗaya daga farko har ƙarshe.

Toh a ce 'yan aji huɗu a Kano, a basu marinar Ƙofar Mata. Satin farko suna laburare, su nemo abun da aka rubuta akan rini da cinikin tufafi, a nan zasu haɗu da Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth wanda ya kira kansa Abdulkarim, da yazo Kano a 1851 ya rubuta yanda kayan saƙi da rinin Kano ke tafiya har Timbuktu da Tarabulus. Su rubuta tambayoyinsu a takarda, malami ya duba.

Sati na biyu su tafi karofi da waya ɗaya, su gaida marina da ladabi, su nemi izini kafin su kunna komai. Su tambayi yanda ake haɗa baba da toka, kwana nawa ruwan ke yi kafin ya nuna, me ake yi da katsi, wato abun da ke kwantawa a ƙasan rijiyar rini, su leƙa wajen mabuga su naɗi ƙarar bugu. A nan wani yaro zai lura cewa zanen idan aka tsamo shi daga rijiya kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska ya koma shuɗi a gaban idonsa. Wannan tambayar su kai wa malamin kemistiri, shi zai musu bayanin yanda iskar oksijin ke haɗuwa da sinadarin baba ta canza masa launi, kuma na tabbata yaron da ya gani da idonsa bazai manta ba ko bayan shekara ashirin.

Sati na uku su dawo su raba aiki. Masu rubutu su rubuta shafi biyu, masu murya su haɗa shiri na minti biyar, mai zane ya zana rijiyar a tsage yanda za'a ga zurfinta, a manna hotuna a bango da bayani a ƙasa. Inda maganar dattijon marini ta saɓa da ta littafi kada a goge ɗaya, a kawo duka biyun a faɗi wa ya faɗi me. Ranar ƙarshe a gayyaci iyaye, a gayyaci su marinan su zauna a gaba su ji muryarsu, su gyara inda aka yi kuskure. Kwafi ɗaya ya zauna a laburare da sunayen yaran a jiki, 'yan baya su ɗora daga nan.

Wanda ba a Kano yake ba yana da nasa. Masunta a Argungu, majema, maƙera, masu haƙar kanwa, tsohuwar kasuwar garinku, ko tarihin rijiyar unguwa.

Bamu da wuta, bamu da kwamfuta, data tayi tsada. Da me zamu fara?

Da waya ɗaya da littafin rubutu. Aikin marinar nan da na faɗa ba inda yake buƙatar intanet sai dai in za'a ɗora shi. Naɗar murya ba ta cin data, ɗaukar hoto ba ya ci, kuma ƙaramin faifan sola da batir ya isa cajin waya da fitila.

In Allah ya hore kwamfuta ko da tsohuwa ce guda ɗaya, akwai manhaja kyauta mai suna Kiwix da ake sauke Wikipedia gaba ɗaya a ciki, har da ta Hausa, a riƙa buɗewa ba intanet. Akwai Audacity ta gyaran murya, itama kyauta. Akwai African Storybook mai ɗauke da labaran yara da hotuna a harsunan Afirka har da Hausa, kuma an yarda ka fassara ko ka rubuta naka, 'yan sakandare zasu iya rubuta wa ƙannensu na firamare. A Ghana laburaren yankin Volta da ke garin Ho mota suka riƙa lodawa da laftof masu cajin sola suna bin makarantun ƙauye don yara su taɓa kwamfuta da hannunsu kafin jarrabawa, ba su jira sai kowace makaranta ta samu nata ba.

Abun da ke ƙona min rai ba rashin kaya bane. Na taɓa koyarwa a wata makaranta da aka kawo kwamfutoci aka jera a ɗaki aka lulluɓe su da yadi aka kulle, ba'a buɗewa sai manyan baƙi zasu zo, wai kada yara su lalata. Yara suka shiga suka gama makarantar basu taɓa su ba, ƙura da zafi suka kashe su a rufe. Har yau idan na tuna sai naji ba daɗi, don na san yaran da ke leƙe ta taga, na san sunayensu.

Hayaniya fa? Ai laburare wajen shiru ne.

Mai son shiru yana da gaskiya, musamman 'yan aji shida masu shirin WAEC da NECO, kuma da yawansu gidansu ba inda zasu zauna su nutsu. In ɗaki biyu ne a raba. In ɗaya ne a raba lokaci, a rubuta a ƙofa, kwana kaza na shiru kwana kaza na aiki. Mu naɗar murya ma a gindin bishiyar bayan laburare muke yi da an tashi.

Ba zai cinye lokacin karatun jarrabawa ba?

Bazan ce wa uba yaronka zai ci A don ya haɗa shirin murya ba, wannan alƙawari ne da ba nawa ba. Abun da nake gani da idona shine yaron da zai karanta rubutunsa a gaban makirfo sai ya gyara shi sau uku sau huɗu ba wanda ya sa shi, don baya son aji shi yana in-ina, alhali insha'in da na bashi a aji sau ɗaya zai rubuta ya miƙo ko dubawa bai yi ba. Taƙaita labari, fitar da muhimmin batu, tsara magana daga farko zuwa ƙarshe, ai sune ake tambaya a takardar Ingilishi da ta Hausa. Kuma aiki ɗaya a zango ya isa, ba kullum ba. Zangon jarrabawa kuma a bar 'yan ajin ƙarshe su fuskanci abun da ke gabansu.

Ni uwa ce, tsorona tarbiyya. Waya ta lalata yara da yawa, yanzu kuma makaranta zata basu?

Hajiya tsoronki a wurinsa yake, nima uba ne. Amma ki duba, wayar nan ko mun so ko mun ƙi zata shiga hannunsu, in ba taki ba ta ƙawa, in ba yau ba gobe. Gara ranar farko da yarinya zata koyi ɗora abu a intanet ya zama akwai babba a kusa da zai ce mata wannan ba'a sawa, wannan hoton ba naki bane sai kin nemi izini, wannan mutumin da ya turo miki saƙo baki san shi ba kada ki amsa.

Ƙa'idodinmu a rubuce suke kuma iyaye sun sa hannu. Wayar makaranta ce ba ta yaro ba, a laburare take kwana. Ba'a ɗora fuskar yaro ko cikakken sunansa a waje sai da yardar iyaye. Ba'a fita aiki sai da malami, 'yan mata kuma da malama. Yarinyar da gidansu basa son a ga fuskarta tana iya yin murya, ko rubutu, ko ta riƙe kyamara, ko ta zama ita ke tace aikin, kuma sau da yawa sune suka fi iyawa. Akwai wata ɗalibata da shekara guda ban ji muryarta a aji ba, da aka bata aikin naɗar tatsuniyoyi wajen kakarta sai gata da guda goma sha ɗaya, ta rubuce su tsaf, ta gano biyu daga ciki akwai irinsu a wani tsohon littafi da ke kantarmu amma ƙarshensu ya bambanta, tazo tana tambayata wanne ne na asali. Rabin awa muka yi muna wannan magana.

To shi ma'aikacin laburare mene ne aikinsa a ciki? Sai ya iya haɗa bidiyo?

Ba dole bane. Yaran zasu fishi iya danne-danne, ya barsu su koya masa, ba abun kunya bane. Nasa aikin wanda ba mai yi sai shi shine tambayar nan guda ɗaya, a ina ka samo? Yaro yazo da magana yace a TikTok ya gani, toh wa ya faɗa, yaushe, shi kuma a ina ya samo, akwai wani wuri na biyu da ya faɗi haka? Mu da muka taso da ilimin hadisi bamu da uzuri a nan, mun san isnadi, mun san ba'a karɓar magana sai an san ta bakin wa ta fito.

Yanzu da manhajoji irin su ChatGPT suka zo tun ƙarshen 2022 abun ya ƙara zama dole, don zasu rubuto wa yaro shafi guda mai kyan gani a cikin daƙiƙa, wani lokaci har da sunan littafin da babu shi a duniya. Maganinsa shine aikin da inji bazai iya yi maka ba, inji bai je karofi ba, bai zauna da kakarka ba.

Sauran aikinsa haɗa mutane ne. Ya san wane malami ke koyar da me a wannan zangon, ya san tsohon ma'aikacin rediyo a unguwa da zai zo ya nuna wa yara yanda ake riƙe makirfo, ya san cewa akwai Gidan Arewa a Kaduna da aka kafa a 1970 da ɗakin adana takardun tarihi na ƙasa duk a Kadunan, akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, a Yamai kuma akwai cibiyar CELHTO mai tattara tarihin baka, don yaro ya san cewa abun da ya naɗo wajen kakarsa akwai manyan da aikinsu kenan.

Da Hausa za'a yi ko da Turanci?

Dattijon da za'a yi hira dashi da Hausa zai yi magana, iyayen da zasu zo saurare Hausa suke ji, don haka a fara da ita. Daga baya a sa yaran su fassara taƙaitaccen bayani zuwa Ingilishi, ko Faransanci ga 'yan Nijar, fassarar kanta darasi ce babba, ka gwada sa yaro ya nemo yanda zai faɗi katsi da Turanci kaga yanda zai buɗe ƙamus da kansa.

Ga manyan ɗalibai kuma akwai Wikipedia ta Hausa, wadda 'yan sa kai ne ke rubuta ta kuma ƙofa a buɗe take. Garuruwanmu da sana'o'inmu da yawa ko babu su a ciki ko layi biyu ne. Ma'aikatan laburare na duniya suna da wani gangami tun 2016 mai suna 1Lib1Ref, kowa ya ƙara madogara ɗaya a wani shafi, kuma ƙungiyar laburaren Afirka AfLIA mai hedikwata a Accra tana jan mutanenta su shiga. Sai dai a gaya wa yaro tun farko, can ba'a karɓar naji ance, sai abun da aka wallafa, hirar da yayi da marini wurinta laburaren makaranta, hotunan da ya ɗauka da hannunsa kuma zai iya bada su a Wikimedia Commons, rumbun hotunan da Wikipedia ke amfani dasu.

Yaya ake bada maki a irin wannan aikin, tunda taro aka yi?

In za'a iya a bar wani ɓangare ba maki, don da maki ya shigo wasu yaran sun daina gwada sabon abu. In kuma dole ne, kowane yaro ya riƙe ɗan littafi yana rubuta abun da yayi da hannunsa da ranar da yayi, da inda ya samo kowace magana. A ƙarshe malami ya kira su ɗaya bayan ɗaya yayi musu tambaya biyu uku da baki. Wanda ya laɓe a bayan 'yan uwansa nan take ake ganewa. Kada a bada maki don kyan bidiyo, wanda gidansu ke da babbar waya shi zai cinye.

Na yarda, ina so in fara ranar Litinin. Me zan fara yi?

Ka fara samun shugaban makaranta ku zauna, don makarantu da yawa sun hana shigowa da waya kuma kada yaji labari a bakin wani. Ka nemi malami ɗaya kacal da yake da sha'awa, ba sai duka ba. Ku zaɓi abu ɗaya da ke manhajar wannan zangon wanda kuma ana iya zuwa wurinsa da ƙafa. Yara shida zuwa takwas sun isa karon farko, a haɗa maza da mata ko a ware gwargwadon yanda makarantarku take, kuma kada a ɗebo masu na ɗaya zuwa na uku kaɗai, a saka na bayan aji ko biyu.

Ka rubuta wa iyaye takarda da Hausa. Ka gwada wayar kafin ranar fita, ka tabbatar akwai fili a cikinta kuma ta cika da caji, a riƙe ta kamar taƙi ɗaya daga bakin mai magana, a kauce wa bakin titi da injin markaɗe. Da an dawo a ranar a kwafe abun da aka naɗa zuwa wuri biyu, memori ɗaya a durowar laburare ɗaya a ofishin shugaba, a rubuta a jikin ambulan sunan wanda aka yi hira dashi da wurin da kwanan wata. In an gama aikin a buga hoto ɗaya mai kyau a wanke shi, yaran su kai wa dattijon har inda yake zaune.